Mun tara kuɗin dashe 500: mu dasa a bazara?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni ne sakataren ƙungiyar matasan unguwarmu a Tudun Wadan Zariya. Mun yi karo-karo, muna son mu yi wa unguwa aikin gyaran muhalli a wannan bazarar. Abin da muka tsayar shi ne mu sayi dashen itatuwa 500 mu dasa ranar 22 ga Afrilu, ranar da duniya ke bikin kare muhalli, sannan mu buɗe ɗan lambu a firamaren unguwa. Waɗanne itatuwa za mu saya, kuma yaya ake dasa su su kama?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi muku albarka, ya ƙara haɗa kanku. Na daɗe ina aikin malamin gona da renon itatuwa a wannan yanki, kuma kusan duk shekara sai an kawo mini irin wannan tambaya a daidai wannan lokaci. Zan zo kan iri da yadda ake dashe, amma bari na fara da ranar da kuka tsayar da adadin da kuka ambata, don a nan kuɗinku zai salwanta in ba a gyara ba.

Bikin 22 ga Afrilu, wanda ake kira Earth Day da Turanci, a Amurka aka fara shi, a shekarar 1970. Tun kafin nan ma suna da ranar dashen itatuwa da aka faro a jihar Nebraska a 1872, ita ma a watan Afrilu. A wurinsu Afrilu lokaci ne da ƙanƙara ta narke, ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi, rana kuma ba ta fara cizo ba. Duk abin da ka binne zai kama. Masu fassara ne suka kira wannan yanayi nasu da sunan bazara, tunda shi ma yana zuwa gabanin noma. To amma kai a Zariya aka haife ka, ka san mece ce bazara. Ita ce lokacin da ake kwana a tsakar gida, zafin rana ya doshi digiri 40, rijiyoyi su ja baya, a wayi gari ana layi a bakin burtsatse. Dashen da aka cire daga inuwar mai reno aka kai shi bakin titi a wannan hali, kwana uku ya ishe shi ya sunkuyar da kai.

Ga kuma abin da babu ruwan mutanen Nebraska da shi: akuya. Daga kaka har zuwa shuka dabbobin gari a sake suke, sai an yi shuka ake ɗaure su a turke. Duk ciyawa ta bushe, sai ga koren ganye guda ɗaya a layi. Ai walima ka kira.

Kada kuma ruwan farko ya ruɗe ku. Sau da yawa ana samun ruwa ɗaya ko biyu a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, da iska da ƙura, gari ya yi sanyi, ƙamshin ƙasa ya tashi, daga nan sama ta ɗauke mako biyu ko uku. Tsofaffin manoman Bomo da Dakace da ke kewayen Zariya ba sa sakin jiki da shi. Zariya na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, amma mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka, Agusta kuma ita ce marka. Saboda haka lokacin dashe a wurinmu daga tsakiyar Yuni ne zuwa ƙarshen Yuli. Ranar Muhalli ta Duniya, 5 ga Yuni, ta fi kusa da lissafinmu, amma ita ma sai an duba ƙasa. A tona rami, in laima ta kai zurfin kamu ɗaya, kuma ka damƙi ƙasar ta dunƙule ba ta warwatse ba, ruwa ya zauna. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ku neme shi ku haɗa da abin da idonku ya gani. Kada kuma ku wuce tsakiyar Agusta, domin saiwa na bukatar wata biyu zuwa uku cikin laima kafin ruwa ya ɗauke a Oktoba.

Yanzu zancen 500. Ɗauki biro mu yi lissafi. Dashen da ya ci damina ɗaya kacal yana bukatar kamar lita 20 sau biyu a mako idan rani ya shiga. Guda 500 ke nan lita 20,000 duk mako, wato jarka 800 mai cin lita 25. In kurar ɗan ga-ruwa na ɗaukar jarka goma, kura 80 kuke nema kowane mako, daga Nuwamba har Mayu. Wa zai biya? Wa zai tura? Na taɓa halartar wani taron dashe a bakin wani titi, da rumfa da lasifika da manyan baƙi, kowa ya riƙe shebur aka ɗauki hoto. Ba na cire kaina, don ni na kawo dashen da hannuna. Da na koma bayan wata shida, sandunan alama kawai na tarar, su ma yara sun fara zarewa suna wasan doki da su. Tun daga ranar ban ƙara tambayar kowa guda nawa ya dasa ba, sai dai guda nawa suka ga damina ta biyu.

Shawarata ku sauko zuwa 80, in kun matsa 100, kuma kowace bishiya ta zama tana da mai ita tun kafin a haƙa mata rami. Ku bi gida-gida da littafi. Wanda ya ce yana so a ƙofar gidansa, a rubuta sunansa, ya yarda shi zai ba ta ruwa ya kare ta. Wanda ya yi jim, a wuce shi ba tare da gaba ba. Ku fi neman waɗanda rana ke dukansu a wurin sana'a: mai shayi, mai faci, bakanike, mai wankin hula, 'yan acaɓa a tasharsu. Waɗannan ba sai an yi musu wa'azin amfanin inuwa ba. Masallatai kuwa su ne wuri mafi sauƙi, saboda ruwan alwala da ke kwarara sau biyar a rana yana bin kwata a banza. Ɗan siririn lambatu daga wurin alwala zuwa gindin dashe uku ko huɗu ya raba ku da sayen ruwa. Liman ma in kun same shi zai tuna wa jama'a hadisin da ya ce duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Coci-coci da makarantu masu katanga su ma ku shiga, don katanga ta riga ta yi muku rabin aikin tsaro. Wangari Maathai ta Kenya, wadda ta kafa ƙungiyar dashen itatuwa a 1977 har ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004, dabarar da ta riƙe ke nan: ɗan ihsanin da ake ba matan ƙauye a kan dashen da ya rayu ake ba su. In kuna da rarar kuɗi, ku ajiye ta don kyautar wanda bishiyarsa ta fi kyau baɗi war haka.

Kafin komai ku gaida mai unguwa ku gaya masa. Bakin titi da filin makaranta da gefen maƙabarta duk suna da masu iko da su, kuma ba daɗi ka reni bishiya shekara uku a zo faɗaɗa titi ko jan wayar lantarki a sare ta.

To, in ba a dashe a bazara, me ake yi? Duk aikin da zai sa dashen ya rayu a bazara ake yin sa, kuma ya isa ya cika muku kowace Asabar daga yanzu har Yuni.

Na farko reno. Ba dole ne ku sayi duk dashen ba, domin bazara ce lokacin da manyan itatuwanmu ke zubar da iri kyauta. Ɗorawa na nuna a wannan lokaci, a sha garin a ajiye kalwar. Ƙwanson maɗaci na tsagewa ya saki 'ya'yansa masu fiffike. Rimi na fashewa, audugarsa na yawo a iska da ƙwayoyin a ciki. Mangwaro ya cika kasuwa, ƙwallonsa na zube ko'ina. Ku sa yaran makaranta su tattaro, su kuma tsinto ledojin fiya wata da suka toshe muku kwatoci. A yanke bakin ledar, a huda ƙasanta wuri uku ko huɗu don ruwa ya riƙa tsiyayewa, a cika da haɗin ƙasar sama kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, yashi kashi ɗaya. Ɗanyen kashin kaji kada ya kusanci reno, yana ƙone saiwa. A jera ledojin a ƙarƙashin bishiya ko rumfar kara, inda rana ke ratsowa kaɗan-kaɗan, a yi musu yayyafi safe da yamma. Ledar fiya wata ƙarama ce, ta wata biyu zuwa uku ce kawai. Ƙwallon mangwaro da duk abin da zai daɗe a reno sai babbar leda ko gwangwanin fenti da aka huda.

Kowane iri da halinsa. Kuka da tsamiya da ɗorawa ɓawonsu na da tauri, in ka shuka su haka nan za ka yi ta jira. A tafasa ruwa a sauke, a bar shi ya ɗan huce, a zuba irin a ciki ya kwana, da safe a shuka waɗanda suka kumbura. Ko kuma a goga gefen kowace ƙwaya a kan dutse har sai an ɗan ga farin ciki. Ƙwallon mangwaro akasin haka ne, ba ya son ajiya. In ya bushe a rana ya mutu, don haka a shuka shi cikin 'yan kwanaki da shan sa, in an ɓare ƙwanson a hankali ma ya fi saurin fitowa. Irin dogon yaro shi ma 'yan makonni ne yake rasa ƙarfinsa, amma shi ba ya ma bukatar wahala, don da ruwa ya sauka za ku ga 'ya'yansa sun tsiro birjik a gindin tsofaffi, sai a cira da ƙasarsu. Kaɗanya kuwa ba ta son a taɓa mata saiwa, inda za ta zauna nan ake binne ɗanyen ƙwallonta da damina, kuma mai shuka ta sai ya yi haƙurin shekara goma sha biyar ko fiye. Duk mako biyu a ɗaga ledojin a sauya musu wuri, in ba haka ba saiwa za ta huda ta shige ƙasa, ranar ɗauka a tsinke ta. Idan saura mako biyu a dasa, a rage ruwa a riƙa fito da su rana, su saba da wahalar da za su tarar. Masu jinkirin girma irin su tsamiya da ɗorawa, in ba su yi ƙwari ba a bana, a bar su a reno sai baɗi. Ba a makara ba.

Na biyu rami. Wannan ne aikin gayyar da zan so ku yi ranar 22 ga Afrilu in dai kuna son ranar ta shiga tarihin ƙungiya: ku fito da diga da shebur da sassafe, kafin rana ta ɗaga. Itacen marmari na son rami mai faɗin santimita 60 da zurfin santimita 60, wato kamar ƙafa biyu kowane gefe. Na inuwa ana iya ragewa kaɗan. Ƙasar sama mai duhu a tara ta gefe guda, jar ta ƙasa a wani gefen. Ƙasarmu ta Zariya ba ta da yawan taki, tana kuma yin ɓawo ta daskare idan ruwa ya doke ta rana ta biyo, sannan a wurare da yawa in ka nutsa kaɗan sai diga ta ci karo da marmara. In kun same ta ku fasa ta. Ramin da gindinsa marmara ce tukunya ce, da marka ruwa zai kwanta a ciki ya ruɓar da saiwa. A cakuɗa ƙasar sama da bokiti ɗaya ko biyu na ruɓaɓɓen taki da ɗan toka, a mayar cikin ramin, a kafa sanda a bar shi ruwan farko ya zaunar da shi. Kada a bar rami a buɗe a layin da yara da tsofaffi ke bi da dare.

Tazara ma a nan ake yanke ta. Mangwaro na son mita 10 tsakaninsa da ɗan'uwansa, gwaba da lemo kamar mita 6, gwanda mita 2 zuwa 3. Babbar bishiya ta nisanci katanga da masai da rijiya da aƙalla mita 5, kuma a ɗaga kai a duba waya kafin a sa diga.

Na uku shara da taki, waɗanda a wurina aiki ɗaya ne. Yashe kwatoci da kwalbatoci kafin ruwa ya sauka shi ne abin da unguwa za ta fi saurin gode muku a kai. Sai dai kuskuren da ake maimaitawa kullum shi ne a kwaso dattin a jibge a bakin kwatar a tafi, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Kada ku fara sai kun tanadi baro da motar da za ta kwashe a ranar. Ku sa safar hannu da takalman roba, akwai fasassun kwalabe da tsatsattsun ƙarafa a ciki, wanda ya yanke kuma a kai shi asibiti a yi masa allura, kada a tsaya ɗaure wa da tsumma. Laka da aka kwaso daga kwata ba ta shiga lambun ganye, saboda baƙin mai da batira da ruwan masai da ke gauraye da ita. Amma busasshen ganyen da ake sharewa ana cinna wa wuta kowace yamma, da ɓawon kayan miya, da kashin awaki da tumaki, da tokar murhu, wannan dukiya ce. Manoman kewayen gari sun daɗe suna sayen sharar birni suna kai wa gonakinsu, sun san abin da suke yi. Ku haƙa rami mai zurfin mita ɗaya a inuwa, a shimfiɗa busasshen ganye, a bi da kashin dabbobi, a barbaɗa toka, a yayyafa ruwa, a sake maimaitawa har ya cika, a rufe da ƙasa ko tsohon buhu. A tsince leda da gilashi da batir tun farko. Bayan 'yan kwanaki in ka soka sanda ka zaro ka ji ta da ɗumi, aiki na tafiya. A juya shi duk mako biyu zuwa uku. Cikin wata biyu zuwa uku zai koma baƙi mai ƙamshin ƙasa. Wanda aka haɗa a Afrilu zai riski dashen Yuli.

Wata magana da ba ku tambaya ba, amma tana ci mini rai: kududdufai. A cikin birni da tsofaffin unguwanni, ramukan da kakanninmu suka ɗebi ƙasar gini su ne ke shanye ruwan unguwa da damina. Yanzu ana cike su da shara ana yanka filaye a kai, ruwan kuma ba shi da inda za shi sai ɗakunan mutane. In akwai wanda ya rage a wajenku, hana zuba shara a cikinsa ya fi dashe hamsin amfani. Haka nan inda ruwa ya fara cin ƙasa yana yin kwazazzabo, kamar yadda ake gani a gefen kogin Kubanni, ba bishiya ake fara kai wa ba. Jema ko gamba ake dasawa a jere a gicciye, saiwarsu ta riƙe ƙasar, daga baya itace ya biyo. Ƙasar da ake bari tana zaizayewa ita ce ke tafiya ta cike madatsun ruwan da gari ke sha. Jihar Kaduna ba ta cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa da ake yi don tare hamada, kuma da gaskiyarsu, mu ba yashi ne ke binne mu ba. Namu ciwon gatari ne da gawayi da zaizaya.

Na huɗu kariya. Kuɗin da kuka rage daga sayen dashe 400 nan za su tafi, kuma ba asara ba ce. Keji na sanduna huɗu da ragar waya ya fi, amma ana sace shi. Tsofaffin bulo da aka jera da ramuka don iska ta shiga suna aiki, haka ma ƙayar magarya ko ta bagaruwa da aka kewaye da kyau. Tsayin ya kai ƙirjin babban mutum, don akuya na miƙewa da ƙafa biyu. Gara ita ce abokiyar gaba ta biyu, kuma ta fi kama dashen da ƙishi ya galabaitar. Toka da dakakken ganyen dogon yaro a cikin rami na rage ta. In za a rufe gindin dashe da ciyawa ko ɓawon gyaɗa don riƙe laima, a bar tazarar tafin hannu, kada ya taɓa jikin itacen.

Sai iri, wanda shi ne ainihin tambayarka. A ƙofar gida da cikin gida ku ba mutane abin da za su ci, don shi ake kula da shi: mangwaro mai aure (wanda aka haɗa masa reshen iri mai kyau), gwaba, lemo, kashu, gwanda, zogale. Mangwaro mai aure na fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu, na ƙwallo sai ya kai biyar zuwa takwas, kuma ba ka da tabbacin irin da zai ba ka. Gwanda ba ta cika shekara take fara ba da 'ya'ya, sai dai akwai mace akwai namiji, don haka a sa uku a rami, in sun yi fure a bar macen. Ba ta kuma jure kwanciyar ruwa. A bakin titi da tasha dogon yaro ba shi da na biyu wajen jure wahala, ko da yake baƙo ne daga Indiya. Maɗaci ya fi shi kyau da daɗewa, dubi waɗanda aka jera a tsofaffin titunan gari tun zamanin Turawa, sai dai masu sassaƙar ɓawonsa don magani na kashe shi a tsaye. Itacen turare kuwa ku bar shi. Yana da saurin girma, amma yana shan ruwa sosai, gara na son shi yana ƙarami, rassansa kuma na karyewa da iskar bazara. Wurinsa gandun itacen gini, nesa da rijiya da gona.

A filin makaranta da filin idi da maƙabarta, inda akwai sarari, ina roƙonku ku sa namu na gado ko da guda goma ne: tsamiya, ɗorawa, kuka, ɗinya, kanya, da rimi. Garin da ke da unguwanni irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko da Rimin Danza bai kamata a ce yaransa sun tashi ba su ga matashin rimi ba, duk waɗanda suka rage tsofaffi ne, in ɗaya ya faɗi ba mai maye gurbinsa. Amma rimi ba na lungu ba ne, gindinsa kaɗai ya isa ya ture katanga.

Kafin ku kashe ko kwabo kuma, ku zagaya ku ga abin da Allah ya riga ya tsirar. A Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, tun shekarun 1980 manoma suka koma abin da suke kira sassabin zamani: maimakon a sare duk tohon da ya fito daga tsohon kututture lokacin sharar gona, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Da wannan aka dawo da itatuwa a miliyoyin kadada ba tare da reno ba. Kututturen na da tsohuwar saiwa mai zurfi, ba ya neman jarkar kowa. In 'yan ƙungiyarku na da gonaki a bayan gari, yanzu da ake sassabe ne lokacin gwada shi a kan kalgo da marke da kirya da gawo.

Lambun makaranta shawara ce mai kyau, kuma ya fi dashen sauƙi, in an fara shi ƙarami. Kwami huɗu ko biyar sun isa, kowanne faɗin mita ɗaya don yaro ya iya miƙa hannu tsakiya ba tare da ya taka ba. Yanzu a yi shinge a gyara kwami a zuba taki, a fara shuka idan an dawo zango na uku. Kada ku fara da tumatir. Zafin bazara na zubar masa da fure, damina na kawo masa cututtuka, ga kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kaduna da Kano a 2016. Ku fara da alayyafo, wanda cikin mako uku zuwa huɗu ake yanka, yara su ga sakamakon hannunsu tun ɗokinsu bai huce ba. A bi da kuɓewa da rama da yakuwa da lalo, a jera zogale a jikin shinge. Inda ba fili, buhun siminti ko na shinkafa da aka cika da ƙasa da taki na ɗaukar kuɓewa biyu ko attaruhu ɗaya, kuma wannan ne abin da iyaye mata za su kwaikwaya a tsakar gida. Maganin feshi na kanti kada ya shiga lambun yara. A daka 'ya'yan dogon yaro a jiƙa su kwana, a tace, a fesa da yamma. Ruwan wanke-wanke da na alwala na itatuwa ne, ganyen da za a ci kuwa a ba shi ruwa mai tsabta. Ku kuma yanke tun yau wa zai kula da lambun a dogon hutun Agusta, don nan ne ciyawa ke cinye yawancin lambunan makarantu. Maigadi da aka ba shi kwami ɗaya nasa na kansa ya fi kwamitin mutum goma.

Ba ku da nisa da masana. Samaru na da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR, wadda tushenta ya faro tun 1922, ga NAERLS da aikinta shi ne kai ilimin noma ga jama'a, ga kuma tashar binciken gandun daji. Ku rubuta takarda da sunan ƙungiya ku je da kanku, ku nemi wanda zai zo ya nuna muku auren mangwaro da hannu, don wannan ba a koyon sa a rubuce.

Idan lokacin saye ya yi, kada ku aiki mutum ɗaya da mota ya lodo. Ku je ku zaɓa ɗaya bayan ɗaya. Dogon dashe ba shi ne mai kyau ba, wanda ya kai gwiwa zuwa ƙugu mai kaurin jiki ya fi kamawa. Ku ɗaga ledar ku duba ƙasanta: in saiwa ta huda ta fito an tsinke ta, ko ta nannaɗe a ciki kamar gammo, ku ajiye. Mai aure ku nemi tabon haɗin a jikinsa ku gani da idonku, don ana sayar da na ƙwallo da sunan mai aure. A dasa da yamma ko ranar da hadari ya rufe. A yanke ledar da reza a cire ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta watse ba, a zaunar da dashen daidai zurfin da yake a leda, tabon auren yana sama da ƙasa, a taka gefe-gefe, a yi masa ɗan gurbi a zuba bokiti guda ko da an yi ruwa a ranar. Duk tohon da ya fito ƙasa da tabon a cire shi, furen shekarar farko ma a tsinke. Ku bar guda goma a reno don cike gurbin waɗanda za su mutu kafin Agusta, ledojin da kuka yanke kuma ku tattara ku tafi da su.